Yadda Za Ka Rage Hayaƙin Gari Kafin Alhamis

Kai shugaban sashen muhalli na ƙaramar hukuma, share gumin nan. Na ji ciyaman ya ce in masu duba suka zo Alhamis lambar na'urar auna hayaƙi ba ta sauko ba, gadin bola zai mayar da kai. Bi matakan nan, kujerarka ta tsira, ko tantama babu.

1. Nemo mai laifi

Ba motocin ciyaman goma sha huɗu ba ne, rufa wa kanka asiri. Leƙa bayan ofis. Na'urar tana manne a bango, daidai saman janaretan da ke ba ta wuta. Shekara uku hayaƙinsa take shaƙa, baiwar Allah.

2. Dasa bishiya

Guda ɗaya ta isa, amma a bokiti. A ɗauke ta hoto a kasuwa, a tasha, a ƙofar asibiti. In direban da ke yawo da ita ya ce, “Ranka ya daɗe, ganyen ya fara zuba,” ka ce ya riƙa juyo gefen da ya rage.

3. Kira mai walda

Ya ƙara wa janareta bututu dogo, ya tsallakar da shi katanga. Masana sun tabbatar hayaƙin da ya haura katanga ya fita daga fayil. E, na san gidanku ne a bayan katangar, tagar Inna kuma tana nan saitin bakin bututun. Ka ce mata kwana uku ne kacal.

4. Ranar Alhamis

Da ka hango motar masu duba, kashe janaretan gaba ɗaya. Na'ura za ta mutu, allonta fayau. Ka dafa ƙirji ka ce, “Kun gani? Ko abin aunawa babu.” Za su rubuta, zafi ya hana su dogon bincike.

5. Karɓi yabo

Ciyaman zai rungume ka, ya ɗaura wa bututun zare ya yanka, ya raɗa masa suna Aikin Tsaftace Iska. Daga ranar, taɓa shi laifi ne, kai kuma aka ɗora wa tsaronsa.

Gargaɗi: in ka koma gida da lambar yabo, ka tarar da labulen Inna baƙi ƙirin, tana tari tana cewa, “Ɗan nan, kwana ukun ba su cika ba?”, babu ruwana. Kujera na yi maka alkawari, kuma ga ka a kai.