Tsingaron Baba Tanimu

Ba zan taɓa mantawa da daminar shekarar da aka canza takardun naira ba, domin a cikinta na yi abin kunyar da har yau nake istigfari a kansa.

A farkon shekarar, ofishinmu da ke unguwar Kongo ya tura ni bita ta kwana uku a kan inganta aiki. Aka koya mana cewa kowane aiki a rubuta tsarinsa, a kawar da tarkace, a riƙa gyara kullum. Na dawo Tudun Wada da takardar shaida da kai mai nauyi. Ana haka aka naɗa ni sakataren kwamitin maƙabartar unguwarmu. (Ba don na fi kowa sani ba. Ni kaɗai ne ban ce a'a ba.)

Mai kula da haƙan kabari shi ne Baba Tanimu, dattijo marar yawan magana, wanda ya tsufa a aikin. A zaman farko na shimfiɗa taswirar da na zana, layi-layi, da lambobi da rubutun boko. Ni da na fara riƙe alƙalami da ajami, ban tuna cewa mahaƙanmu ajami kaɗai suke karantawa ba. Na dubi dattijon a gaban jama'a na ce, "Baba, sanin da ke cikin kan mutum ɗaya ba tsari ba ne."

Ya ce, "Gaskiya ne, Malam. To ka tambayi kan tun yana nan."

Aka yi dariya. Ban tambaya ba.

Ranar da ya tafi ta'aziyya ƙauye na sa aka yi gayyar shara. A gefen gabas akwai fili shafaffe, cike da tsingaron tukwane, wasu a kife, wasu a kafe. Na ce tarkace ne. Da hannuna na tura baro, aka tara su bakin katanga, na rubuta wa wurin "sabon layi". Da Baba ya dawo ya tsaya gaban tarin ya daɗe, ya sa takalminsa ya tafi. Bai sake zuwa aiki ba. Na rubuta a rahotona cewa wasu ba sa son canji.

Bayan mako biyu Allah ya yi wa mahaifiyar maƙwabcina, Alhaji Sabo, rasuwa. Na nuna wa mahaƙa lamba ta ɗaya a sabon layi. Mun iso da makara bayan azahar, sai muka tarar sun fito daga ramin sun tsaya cirko-cirko. Digarsu ta karya ruɓaɓɓen itace, ga abin da ke ƙarƙashinsa a fili. Kabari ne tsoho, ruwan shekaru ya baje shi. Kowane tsingaro da na share alama ce ta mutum.

Aka sauke makara a ƙasa. Da zagina aka yi a lokacin da ya fi min sauƙi. Ina tsaye da taswira a hannu, zufa na jiƙa ta.

Baba Tanimu yana cikin 'yan rakiya. Ya matso ya leƙa, ya ce a hankali, "Hajara ce. Matata."

Ya tuɓe rigarsa ya shiga ramin, ya gyara abin da za a gyara, ya mayar da ƙasa da hannunsa. Sannan ya ƙirga taku daga gindin wata darbejiya, ya nuna wuri ya ce a haƙa nan. Gawar Hajiya ta jira a rana har kusan la'asar. Alhaji Sabo ya riƙe mata lema, bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Kwana ashirin na yi ina tsara yadda zan ba da haƙuri. (Har wannan ma sai da na yi masa tsari.) Da na je gidan Baba Tanimu a Tudun Jukun, na durƙusa na fara jawabi, ya katse ni.

"Malam, kana da littafi?"

Na ce ina da shi.

"Ka zo da shi ranar Alhamis. Ka rubuta da rubutun da muke iya karantawa."

Haka muka yi ta yi har ƙarshen damina. Yana taku yana faɗin suna, ina rubutawa da ajami, muna mayar da tsingaro ɗaya-ɗaya. Wasu ya tuna, wasu ya tsaya ya girgiza kai, muka kewaye wurin da duwatsu don kada a sake taɓawa. Waɗannan suna wuyana har gobe kiyama.

Na Hajara ya bari ƙarshe. Ya tono wani baƙin tsingaro daga tarin, ya miƙo min.

"Kai ka ɗauke, kai za ka mayar."

Na kafa shi, muka yi mata addu'a. Ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Tsakanina da kai ya wuce, Malam. Tashi, gwiwarka ba ta saba ba."

Har yanzu ina son tsari, littafin ma muna ƙara masa gyara duk wata. Amma yau ko tsintsiya na gani a inda bai dace ba, sai na nemi wanda ya ajiye ta na gaishe shi, na tambaye shi tukuna.