Yadda Latin Ya Hana Mai Girma Barci

Jama'a, ku taya ni dariya kafin ku taya ni jaje. Ran Litinin na fito da kekena mai ƙafa uku, ruwan saman dare ya shafe titi, ban ankara ba na ji ni tsamo-tsamo cikin kwatar ƙofar shagon tsohuwa Aling Petring, maƙwabciyata. Silifas ɗina ɗaya har yanzu yana can yana wakiltata.

Kwatar nan ta toshe tun zaɓen da ya wuce. Mai Girma Uban Unguwa, Garkuwan Alkawari, ya zo da makaɗa ya yanka ƙyalle a bakinta, ya ce ranar Laraba za a yashe. Bai faɗi Larabar wace shekara ba, kuma wannan hikima ce da ya kamata a yaba. Ga rediyo na cewa guguwar teku na tafe ƙarshen mako. In ta zo kwata a toshe, shagon abincin Aling Petring ya tafi, da murhu da buhunan shinkafa, da shi kuma take ciyar da jikokinta.

Ta jawo ni waje, ta ajiye mini farantin taliyar pansit, sannan ta rage murya.

"Dado, kai fa ka yi makarantar zama Fada na coci kafin matarka Luningning ta ɗauke maka hankali. Ba ni Latin."

"Aling, wane Latin kuma?"

"Na orasyon mana, addu'ar tsari! Irin wanda kakana ke rubutawa a 'yar cikinsa harsashi ya kauce. Ka ba ni mai zafi, zan je in karanta wa mutumin nan."

Kun dai san mu. Mutuminmu ba ya tsoron kotu, ba ya tsoron jarida, amma a yi masa ƙus-ƙus da Latin a gaban idonsa, sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Matsalar, duk Latin ɗin da ya rage a kaina shi ne wanda Fada Anselmo ke zuba wa ajinmu bayan abincin rana. Somnolentus, mai gyangyaɗi. Piger, malalaci. Segnis, mai jan ƙafa. Oscitans, mai hamma. Sai torpidus, wanda jikinsa ya mutu murus ko an tsikare shi da allura. Na gaya mata gaskiya, na ce wannan faɗa ne kawai, ba addu'a ba.

"To da me na ce maka zan je yi masa? Maimaita!"

Washegari na kai ta ofis. Mun sami Mai Girma yana aiki tuƙuru: fanka na kaɗawa, ƙafafu kan tebur, jarida a fuska. Aling Petring ta rufe kai da baƙin mayafi, ta kunna kyandir, ta shiga zagaya teburin tana jan murya kamar mai makoki. "Somnoleeentus… piger… segnis…" Da ta kai torpidus sai ta nuna shi da kyandir, ta hure wutar.

Jarida ta faɗi. Mai Girma ya miƙe yana laluben layar wuyansa.

"Aling, me na yi miki? Me ta ce, Mang Dado?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, bakina ba zai iya faɗa ba." Wallahi kuwa ba ƙarya na yi ba, dariya ce ta cika shi.

Kafin la'asar sai ga ma'aikata da shebur. Motar yashe kwatar da aka ce tana wurin gyara tun bara ta warke nan take. Na ji daɗi har idona ya yi ruwa, don na san abin da shagon nan yake a wurin tsohuwar. Sai dai sun yashe iyakar ƙofarta kawai, suka tara taɓon a gefe, ruwa bai da hanyar zuwa kogi.

Jiya da safe sakataren Mai Girma ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, idonsa jajur.

"Mang Dado, ka rufa mana asiri. Mai gida bai runtsa ba tun ranar. Ko a taro ya kasa barci, har tambaya ya yi! Akwai makari?"

Aling Petring ta leƙo ta katanga tun ban buɗe baki ba. "Akwai, ɗana. Amma ba ya ci sai ruwan kwata ya ga kogi."

Yanzu haka da nake rubutun nan, Mai Girma yana bakin gada da takalmin roba, shi ke yi wa ma'aikata tsawa su yi sauri. Ruwa ya fara gudu, shago ya tsira, ni kuma an ce in shirya makari zuwa gobe. Na so in ba shi, tausayinsa nake ji. Amma ɗazu na bi ta makarantar yara na ga rufinta na yoyo, sai na tuna ashe makarin nan yana da sharaɗi na biyu.