Yadda Na Zama Sarkin Ruwa

Shekara tara ina tuƙi a Doha, har baƙi nake kaiwa hawan tudun rairayi a sahara. Shi ya sa da na kai maiɗakina hutu Zanzibar, muka ɗauki ɗan jagora da motarsa ya zaga da mu bakin teku, sai na raina tuƙinsa.

Muna isa wata gaɓa mai farin yashi da itatuwan kwakwa, na ce ya sauka daga kwalta mu bi bakin ruwa. Ya ce ruwan tekun janyewa ya yi, kuma ya kusa dawowa. Na yi dariya, na matsa masa har ya miƙo makulli.

"Baban Hanifa, ka bar wa bawan Allah motarsa," in ji maiɗakina.

Na ce, "Ke dai zuba ido ki sha kallo."

Ta kuwa sha. Ko minti biyu ban yi ba tayoyi suka nutse cikin yashi. Na ƙara wuta, suka ƙara nutsewa. Kafin masunta su iso da igiya ruwa ya kai ƙofa, jagoran ya ɗora hannu a ka yana salati, don motar ce abincin gidansa. Da ƙyar aka jawo ta, ina tsaye jiƙe sharkaf, na kasa haɗa ido da shi.

Maiɗakina ta rantse ƙawarta ɗaya tak ta gaya wa. Amma har yau in na shiga masallacin unguwarmu a Al Wakrah, kusa da Doha, sai wani ya gyara zama ya ce, "Jama'a, ku ba Sarkin Ruwa wuri."