Hancina da Tanderun Goggo Tencha

"Kai ka ja mini yaro bayan gidanka ka yi bandarsa kamar kifi."

"Taimako na yi, Doña Tencha. Likita ya ga ciwon ko bai gani ba?"

"Ya gani. Ni kuma yau za a rufe mini tanderu. Gobe da safe sai ka tsoma likitan a kofi ka ci."

Da wannan na farka yau. Goggo Tencha, ƙanwar babana, tana ƙofar shagon burodinta da tsintsiya a hannu. Don Chepe, maƙwabcinmu, tsohon mai yankan rake, yana tsallaken kwata, daidai inda tsintsiyar ba ta kaiwa. A kan hancina ake rigimar. Kaina na sarawa.

Masu karatu, kun san lokacin da muke ciki. An shiga girbin rake, an fara cinna wa gonaki wuta don ganye ya ƙone kafin a yanka. Baƙar toka na sauka a kan shanya, a kan miyar wake, a kan gashin jarirai. Wasu su yi atishawa su wuce. Ni kogon hancina ne ke toshewa. Goshi ya yi nauyi, kumatu su yi tsami. In na sunkuya ɗaure takalmi sai in ji kamar an zuba mini siminti a fuska. Ƙamshi kuwa sai dai in ji labarinsa.

Ga inda abin ya zama masifa. Tun da na gama sakandare nake tsaron tanderun Goggo, kuma a gidanmu da hanci ake sanin burodi ya nuna. Bara na ƙona burodin makon Ista kaf, ina tsaye a gabansa ina tunanin duniya. Goggo ta ce, "Selvin, karen maƙwabta ya ji ƙauri ya yi haushi. Kai da ake ba abinci ba ka ji ba."

Ba maganin da ba a gwada mini ba. Surace da ganyen turare har fuskata ta dahu. Ruwan gishiri. Zuma da lemun tsami. Abin fesawa na kantin magani, wanda ke buɗe hanci ɗan lokaci sannan ya rufe shi da kwaɗo. Don Chepe ya kawo barasar rake, wai ko ban warke ba zan manta.

Na tafi asibiti. Matar da ke bayan gilashi ba ta ɗago kai ba. Ta ce likitan hanci daga babban birni yake zuwa, layi da tsawo, in dawo da damina. Da damina ba a ƙona rake. Ruwa ya wanke sama, hancina ya buɗe, har ina jin abin da ake soyawa a layin baya. Likita ya haska tocila ya leƙa, ya ce, "Saurayi, hancinka ya fi nawa lafiya."

Rani ya dawo, ciwo ya dawo, na koma. Matar nan dai. Damina dai. Na gane layin asibitinmu an auna shi ne da tsawon girbi, ba ragi ba ƙari. Ina jinjina wa wanda ya yi awon. A ƙasar nan ba abin da ke zuwa daidai sai shi.

A nan Don Chepe ya shigo da iliminsa. Ya ce, "Ɗana, in ciwo ya ƙi zuwa wurin likita, kai za ka ɗauke shi ka kai." Ashe ya adana buhun busasshen ganyen rake a ƙarƙashin gadonsa. Ranar ganin likita da safe, ana yayyafi, ya cinna wa ganyen wuta a tsohon gwangwani, ya lulluɓe ni da bargo a kai. Na ce zan mutu. Ya ce, "Shaƙa dai. Mu mun shaƙa tun kafin a haifi ubanka, ko bargo ba a ba mu ba."

Abin ya yi aiki. Na isa asibiti idona jajur, hanci a toshe, fuska a kumbure. Likita ya leƙa, ya gyaɗa kai. Sai ya sansana rigata. Shi hancinsa ba abin da ya same shi.

"Ina kake aiki?"

"Gidan burodi."

"Da itace kuke gashi?"

"Da itace. Amma likita, rake ne..."

"Ana ƙona rake da damina?"

Ya ba ni maganin fesawa na gaske, ya koya mini wanke hanci da ruwan gishiri yadda ya kamata. Ba zan ci haƙƙinsa ba, maganin na ragewa. Amma maganar hayaƙin gidan burodi ba ta tsaya a ɗakinsa ba. Ta yi tafiya har ofishin shugaban garinmu, Mai Girma Uban Iska Mai Tsabta, Allah ya ƙara wa huhunsa lafiya.

Kun san shi. Lokacin zaɓe ya hau bayan mota ya rantse cewa in ya ci, toka ba za ta ƙara sauka a kan wankin uwar kowa ba. Ya ci. Ya sayo na'urar auna iska daga ƙasar waje, kuɗinta zai ajiye mana likitan hanci a garin nan har in tsufa. Aka yanka ƙyalle, aka buga kiɗan marimba, aka raba huluna. Sai aka lura toka na ɓata na'urar. Mai Girma, da yake mutum ne mai tattalin dukiyar jama'a, ya sa aka shigar da ita ofishinsa, kusa da na'urar sanyaya ɗaki. Tun ranar iskar garinmu ba ta da na biyu. Duk wata ana faɗa a rediyo.

Abu ɗaya ya rage masa. Mutane na ta tari, kuma tari na bukatar mai laifi. Masu kamfanin sukari kuwa su suka biya kuɗin hulunan. Sai ga tanderun Goggo, da shaidar likita a kansa.

In aka rufe shi, aiki ɗaya ya rage wa irina a garin nan: in ɗauki adda in shiga gonar da aka ƙona. Da wannan hancin. Don Chepe ya ce zai ara mini addarsa. Goggo ta jefa masa tsintsiyar, ta kai.

Da hantsi jami'an Mai Girma suka iso, a farar mota, da fararen riguna. Babbansu mai tumbi ne, muryarsa a sanyaye kamar mai ta'aziyya. Goggo tun jiya ba ta hura wuta ba. Ta ce ba za ta ɓata itace don a zo a kashe mata ba.

"Uwa, ki yi haƙuri," in ji shi. "Hayaƙinki na cutar da al'umma. Ga shaida nan a gidanki." Ya nuna ni. Na fyace hanci. Iya gudunmawata ke nan.

Ya leƙa shago, ya ga kanta wayam. "Ba ko ɗan mai zafi da za mu taɓa?"

"Ranka ya daɗe, guba ne," in ji Goggo. "Ba zan so in cuce ka ba."

Sai iska ta juya daga wajen gonaki. Ni na riga kowa sani, don goshina ya fi waccan na'urar aiki, kuma ba a yanka masa ƙyalle ba. Sama ta yi duhu. Toka ta fara sauka a hankali, a kan mota, a kan kafaɗu, a kan tumbi. Babban ya kaɗe da hannu, ta zana masa baƙin layi har aljihu. Yaransa suka duƙar da kai. Don Chepe ya cire hula ya tara, kamar mai taron ruwan sama.

Goggo ta kama hannun babban, ta ɗora shi a jikin tanderu. Sanyi ƙalau.

"Ɗana, kai ne mai ilimin iska. Wannan da ke zuba a rigarka, burodin wa ake gasawa?"