Motar da Baba Ya Sa wa Kariya

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ko da kuwa zan manta hanyar gidana. Na sha yin abin kunya a rayuwa (na taɓa koyar da darasi guda cur da riga a juye), amma duk waɗannan idan na tuna dariya nake yi. Wannan kuwa har yau idan ta faɗo mini a rai ina cin abinci, sai in tsame hannu.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Ni malamin makaranta ne a Ƙanƙara, da gemuna da iyalina, amma babu abin da ke ɗauke mini hankali kamar ƙera 'yan ƙananan motoci irin waɗanda ake gani a fim. Mutane na jira su ga yadda jarumi zai gama da bos, ni kuwa na tsayar da hoto a waya ina ƙirga fitilun mota. Daga nan sai in nemo kwali da roba da gam da fenti, in duƙufa mako uku ko huɗu har sai ta fito sak. Ina da jar mota mai ratsin fari, da motar 'yan sandan Amurka, da jif ɗin da miyagu ke hawa a fim ɗin Indiya, duk a jere a kan kanta a ɗakina. Matata Bilki ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai mota goma sha ɗaya da ke zuwa aiki a ƙafa ba sai a gidanta. Har guruf gare mu a waya, mu masu wannan lalura, inda ake zagin mutum tas idan ya sa wa mota madubin da babu shi a fim. Ni ne kuma na fi kowa zafin baki a wurin.

Ba daga sama na tsinci abin ba. Babana maƙerin gwangwani ne a wani ƙauye kusa da 'Yankara. Shi ke yin fitilar aci-balbal da mazurari, ya liƙe bokitin da ya huje, ranar kasuwa ya baje kayansa a ƙarƙashin rumfa. Ni ne ɗansa na fari, kun kuma san halin iyayenmu da ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wancan". Idan yana da magana da ni, sai ta biyo ta bakin wani, ko ta cikin wani abu da ya yi da hannunsa. Motata ta farko a duniya ma, ta gwangwanin madara mai tayar silifa, ba a hannu ya ba ni ba. A bakin ƙofar ɗakin Inna na tsince ta da safe, shi kuma ya wuce masallaci kamar bai san zancen ba.

Bayan rasuwar Inna sai ya zama shi kaɗai a gidan. Ƙanwata Hinde tana aure a Sabuwa, idonsa ya fara rauni, ga kuma yadda ƙauyukanmu suka koma, yau lafiya gobe a kwana a daji. Shekara uku ina roƙonsa ya dawo wurina. Na gyara masa ɗaki a zaure, Bilki ta sa labule, na aika dattawa sun yi masa magana. Amsarsa ɗaya ce kullum: "To, a dai yi ta addu'a." Babu abin da nake so a lokacin kamar in ga ya ce to, ya tattaro ya taho.

Ana nan sai shugaban makarantarmu ya ce za a yi baje kolin aikin hannu ranar raba kyaututtuka, iyaye za su zo, har da wani babban baƙo daga Katsina, don haka in kawo motocina a gani. Kaina ya kumbura kamar an hura balan-balan. Da na kira Baba don gaisuwa sai na kasa riƙe bakina, na ba shi labari. Na ce mota ɗaya ce kawai ta gagare ni, wata baƙa mai ƙofofin da ke buɗewa sama kamar fukafukan tsuntsu, duk wadda na yi sai ƙofar ta faɗo.

Ga mamakina Baba ya tsaya yana tambaya, mutumin da gaisuwarmu ba ta wuce minti ɗaya. Bai taɓa taka gidan kallo ba, don haka sai da na zana masa ita da baki: gajera ce, hancinta a ƙasa, fitilunta huɗu.

Ya ce, "Mutum nawa take ɗauka?"

Na ce, "Biyu kacal, Baba."

Ya ce, "Biyu. To."

Saura kwana huɗu taro sai ga wani direban motar kasuwa ya kawo mini ƙunshi a cikin buhun taki. Na kwance, sai ga baƙar motar nan, ta gwangwanin tumatir da na madara, an liƙe da dalma, an goge har tana ƙyalli. Na ɗaga ƙofa ta tsaya a sama cak, abin da na yi wata biyu ina fama. Amma fa a samanta Baba ya ɗora kariya ta ɗaukar kaya, irin ta motocin da ke zuwa kasuwar 'Yankara, ya ɗaure wasu 'yan ƙulle-ƙulle na tsumma a kai da zare. Motar jarumi, wadda a fim take tsere wa jirgin sama, ga ta da lodi kamar za ta kai masara Faskari.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Bilki ta ce, "Ka kwance ƙulle-ƙullen mana ka ga abin da ke ciki." Na ce tsummoki ne kawai, me zan gani. (Ku riƙe wannan, don a nan na fara faɗawa rami.) Na so in ɓalle kariyar, amma dalmar Baba ba ta wasa ba ce, sai na bar ta. Ban ma kira shi na ce ta iso ba. Na ce sai bayan taro.

Ranar Alhamis na sha babbar rigata ta sallah, na jera motocina goma sha ɗaya a kan tebur mai farin ƙyalle, ta Baba kuwa na tura ta can ƙarshe bayan tulun furanni. Fili ya cika da iyaye a kan benci. Babban baƙo, wani Alhaji mai fara'a, ya zo teburina da shugaban makaranta, aka miƙo mini makirfo. Na shiga zuba bayani, ina jefa Turanci inda babu buƙata. Ina tsaka da haka sai Alhaji ya miƙa hannu bayan tulun furanni ya zaro ta.

Ya ce, "Malam, wannan fa mai lodi? A wane fim aka yi ta?"

Mutane suka yi dariya. Da na ce ta babana ce, da an wuce wurin. Amma dariyar nan ta shige ni, na ji ina son ƙari, na kuma ji tsoron a ɗauka aikina ne. Sai na gyara tsayuwa na ce, ta cikin lasifika, yadda har masu sayar da rake a bakin ƙofa suka ji:

"Ranka ya daɗe, wannan na kawo ta ne don ɗalibai su ga yadda bai kamata a yi ba. Wani tsoho ne a ƙauye ya yi, bai taɓa ganin fim ba. Shi a wurinsa duk abin da ke da taya huɗu motar kasuwa ce."

Aka sake kwashewa da dariya, ni ma ina yi. Alhaji dai bai yi ba. Ya ɗauki jar motata ya tura a kan tebur, ta ƙi motsi (tayoyina duk a manne suke da gam, don kallo na yi su). Ya taɓa ƙofar motar 'yan sanda, ta ɓalle a hannunsa. Sannan ya tura ta Baba da yatsa ɗaya, ta tafi sumul daga wannan gefe zuwa wancan, da lodinta da komai.

Ya ce, "Ai wannan tsoho shi ne gwani. Yana raye? Ina son in san shi."

Kafin in buɗe baki sai na ji murya daga bencin baya, muryar da ko a cikin barci na san ta.

"Ga ni nan."

Baba ne. Da tsohuwar rigarsa mai ruwan toka, da sandarsa, da ƙurar hanya a ƙafa. Tun sassafe ya shigo motar kasuwa, a wannan hanya da matasa ma sai sun yi addu'a suke binta, bai gaya wa kowa ba. Idonsa ba ya gani sosai, amma kunnensa ras yake. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Makirfo na hannuna ban san inda zan ajiye ba, zufa na bin bayana a cikin babbar riga.

Aka kamo hannunsa zuwa gaba. Bai dubi inda nake ba. Alhaji ya rusuna ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, aiki ya yi kyau. Amma me ya sa ka sa mata kariya?"

Baba ya lalubo motar ya shafa samanta. Ya ce, "An ce mani mutum biyu take ɗauka. Na ce to, direba da tsoho guda ke nan. Shi tsohon in zai tashi, kayanai hwa, ina za a sa?"

Ya sa farce ya kwance ƙulli na farko: 'yar guduma ce da ɗan almakashi na waya, ba su kai tsinken ashana ba. Na biyu 'yar tabarma ce a naɗe. Na uku 'yar buta. Kayan Baba ne kaf, abin da zai ɗauko idan zai bar gida.

Mutane suka yi tafi, a zatonsu hikima ce kawai ta tsoho. Ni kaɗai da Bilki, da ke can cikin mata, muka san abin da aka faɗa. Shekara uku ina jiran amsa. Ashe ta zo mini a cikin buhun taki, ta kwana huɗu a ɗakina, na ƙi kwancewa, sannan na ɗauko ta gaban jama'a na yi mata dariya da lasifika.

Da aka tashi na bi shi. Ya ƙi zuwa gida, ya ce yana son ya koma da rana tun ana bin hanya. Na raka shi tasha ina tafe a bayansa kamar ɗan akuya. A jikin mota na durƙusa, da babbar rigata a cikin ƙasa, na ce, "Baba, ka yafe mini. Ɗakin na nan a gyare. Mu je yanzu in kwaso kayan."

Ya dubi gefe, kamar yadda ya saba. Ya ce, "Ba komai. Gaskiya ka hwaɗa, ban taɓa ganin fim ba." Can ya ƙara da cewa, "Damina ta matso. Bari in ga abin da gona za ta yi."

Ban ga fushi a fuskarsa ba, da ma na gani da ya fi mini sauƙi. Ya shiga mota, na tsaya har ta ɓace.

Na je ƙauye sau biyu a daminar nan. Na tura Hinde, na tura liman. Amsar ta koma irin ta da: a dai yi ta addu'a. Kafin a yanke gero zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, ranar da labari ya iske ni kuma ba a bin hanya. Da na isa washegari har an kai shi makwancinsa. Maƙwabcinsa ya miƙo mini wani buhu da aka samu a bayan ƙofa, a ɗaure tsaf da igiya: guduma, almakashi, dalma, buta. Ya ce tun kafin tafiyar nan tasa Ƙanƙara Baba ya ɗaure shi, bai kuma sake kwancewa ba. Ban sani ba ko yana jira ne in sake roƙo yadda zai iya amsawa, ko kuwa ya kasa kwancewa ne kawai. Wannan tambayar ita ce ke sa ni tsame hannu daga abinci.

Ɗakin zaure na nan da labulensa. A ciki na ajiye buhun, motar kuma tana saman kanta, sama da sauran goma sha ɗayan. Ban daina ƙira ba, sai dai yanzu tayoyina suna juyawa, kuma duk motar da na yi, ko ta wane jarumi ce, sai na sa mata kariya. 'Yan guruf sun yi zagi har sun gaji, wani ma ya ce Malam ya fara taɓuwa. Ban taɓa yi musu bayani ba.

Abin da na koya dai ba shi da yawa, kuma na saye shi da tsada: idan aka aiko maka da ƙunshi daga gida, ka kwance shi kafin ka kwance bakinka. Bilki ta gaya mini haka tun ranar farko, kyauta, amma ina, ni ne mai ilimin mota.