Wayar Da Na Yi Shanya Da Ita

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin a garin Greenbelt, can ƙasar Turawa, ba, shaidu ma suna nan da ransu: 'yata Rakiya injiniya, da mijinta (suruki ne, ba na kama sunansa), da abokin aikinta Razak mutumin Kumasi, sai ni.

Rakiya ta kawo wata na'ura daga wurin aiki ta kafa a ɗakin ƙasa. Wai tana kama wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani. In ƙwaya ta ratsa, saƙo biyu ne ke tahowa ta wayoyi biyu, kuma dole su iso tare kafin na'urar ta ƙirga. Kwatsam sai ɗaya ya riƙa riga ɗaya isowa. Litinin za ta nuna wa manyanta, in bai gyaru ba a ba wani aikin.

Ni ban taɓa shiga aji ba, amma na san mutane. Razak na sa wa ido. Fara'arsa ta yi yawa, ga hannunsa kullum a bayan na'urar. Na yi ta kai musu shayi (ba don Allah ba, gadi nake yi). Da na ga Rakiya ta dafe kai, sai na tsaya kan matakala na ce, "Daina wahalar da kanki. Ɓarnar nan da hannun mutum, kuma mutumin yana ɗakin nan."

Na kafe shi da ido. Bai yi fushi ba, ya ce, "Mma, wataƙila da gaskiyarki." Ya durƙusa yana bin wayoyin ɗaya-ɗaya.

"Rakiya, wa ya canja wannan? Doguwa muka sa da gangan don saƙon ya ɗan jinkirta. Ta gajera ai dole ya riga."

Nan na tuna. A farkon makon na ga doguwar waya nannaɗe a ƙasa, na ce asara ce. Ni kuwa ban yarda da injin busar da kaya ba, cin zani yake. Na cire ta, na maye gurbinta da wata gajera mai kai irin nata, har ina yaba wa kaina tsafta.

Surukina ne ya leƙa taga ya ce, "Umma, wace irin igiya ce waccan?" Ga wayar can ɗaure a bayan gida, fatarina na kaɗawa a kanta, gaban suruki!

Razak ya ce, "Mma ba ta yi ƙarya ba, mutumin yana ɗakin nan."

Aka kwance, aka goge, aka mayar, saƙo biyun suka iso tare. Tun ranar, in zan yi gadi, da hannuna nake farawa.

Washegari na soya waina, na sa aka kai ni gidan Razak a garin Wheaton na ba shi haƙuri. Ya karɓa yana ta dariya. Har yanzu dai fara'ar nan tana yi mini yawa.