Rasuwar Jirgin Lilon da Bai Kai Ranar Suna Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Malam Muhammadu Sani mai walda, na nan gefen Makoda, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jirgin lilonsu, wanda ya cika ranar Alhamis da hantsi yana da kwana shida a duniya. Saura kwana ɗaya a raɗa masa suna.

Wanda bai san marigayin ba, to kwanon baro ne guda uku aka jona, suna hawa dogon da aka yi da tsofaffin bututun ban-ruwa, su kai tsayin rumbu, su gangaro da gudu. Mai haƙuri ne, bai taɓa kayar da ɗan kowa ba. In zai hau ya ce ƙiii, ƙiii, in ya gangaro ya ce garararaf, sai ihun yara har gonakin gyaɗa.

Malam Sani ya rubuta sunan a allon kwano, ya rufe da buhu, ya ce sai kwana bakwai kamar na kowane ɗa. Ai kuwa gari ya ɗauka! 'Yan acaɓa suka rantse Guguwa ne. Matan bakin rijiya suka tsaya a kan Hantsi Leƙa Gidan Kowa. Baba Munir mai shayi har ya ce in ba Ƙi-Gudu ba ne a aske masa gemu.

Babu wanda ya canka. Sunan 'yar Malam Sani ta fari ne, wadda ta rasu bara tana shekara tara, yarinya mai son lilo kamar me. Kun san kunyar ɗan fari: har ta koma ga Mahaliccinta bakinsa bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce yarinyar nan. Ya so a ce kullum la'asar sunan yana tashi a bakin yara, shi ma ya laɓe a cikin hayaniyar ya faɗa.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Malam Sani ya kafa turakun dogon a gonarsa, ƙasar da ta sha taki ta yi laushi. Ruwan fari ya sauka, ƙafafun suka nutse, dogon ya karye a tsakiya. Alhamdu lillahi babu kowa a kai. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙiii, sau ɗaya.

Ya bar kwanon baro uku, da igiya, da yara sittin da layi bai kai kansu ba.

Za a kwance shi ranar Juma'a bayan la'asar, a kai shi bayan rumbu a amalanke. 'Yan gwangwan su yi haƙuri, ba na sayarwa ba ne. Kafin a ɗaga, Malam Sani zai yaye buhun ya karanta allon da bakinsa. Masu zuwa ta'aziyya, don Allah ko muryarsa ta sarƙe, kada wani ya ƙarasa masa.